Buhun Gawayi da Amanar Dajin Kurmi

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake haɗa mu a wannan rana ta Juma'a. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan uwa, huɗubar da Malam Liman ya yi makon jiya kan sare itatuwa ta tayar da magana a Sabo. An tattauna ta a rumfunan goro, an tattauna ta a teburin mai shayi, har wasu suka ga kamar da su ake. Bayan sallar La'asar ɗaya daga cikin iyayenmu masu lodin gawayi ya tare mu a ƙofar ofis ya ce, "Malam Sakatare, ni fa tun da nake ban taɓa ɗora gatari a kan icce ba. Buhu nake saye, buhu nake sayarwa. Ina laifina a ciki?" Muka ce, "Baba Alhaji, a yi mana haƙuri zuwa Juma'a, za mu rubuta amsar yadda kowa zai amfana." To ga ta, bayan mun koma wurin Malam ya duba mana.

Mu fara da abin da muka sani a kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kalanzir da gas suka yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa suka koma gawayi. Mai suya na nema, mai gasa masara na nema, uwargida na nema. Motoci kuma na ta saukowa daga yankin Oke-Ogun, wajen Saki da Iseyin, shaƙe da buhuna. Kowa ya san gawayin da ya fi tsada shi ne mai nauyi, wanda yake daɗewa bai zama toka ba. Daga ina yake fitowa? Daga manyan itatuwa masu tauri irin su ƙirya da marke da kaɗanya, wani lokaci har da ɗorawa. Masana sun auna cewa a ƙonawa irin ta gargajiya, wadda ake tara icce a rufe da ƙasa, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na icce kafin a samu kilo ɗaya na gawayi. Ita kuwa kaɗanya takan yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya. Da zarto mai inji, ko shayi ba za ka gama sha ba an kwantar da ita. Matar ƙauyen da take tsintar ƙwara ta yi man kaɗe, ta ciyar da 'ya'yanta, an yanke mata hanyar abinci ke nan, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Wani zai ce, to wannan ai matsalar masu ƙasa ce, mu baƙi ne. A nan ne masu binciken daji da yanayi suka faɗi abin da ya kamata ya tsayar da mu. Iskar damina daga tekun Atilantika take tasowa, ta shigo ta kudu maso yamma, ta bi ta kan dazuzzukan Kurmi kafin ta kai Arewa. Itace yana zuƙo ruwa daga ƙasa da saiwarsa, ya sake shi sama ta ganyensa, iska ta ɗauka ta yi gaba. Ke nan wani ɓangare na ruwan da ke sauka a gonar gero a Katsina ko Damagaram ya ratsa ta irin waɗannan dazuzzuka. Binciken da aka yi kan daminar Afirka ta Yamma ya nuna cewa idan aka share dajin da ke kusa da gaɓar teku, iskar damina na iya raunana. Mu da muke aika kuɗin taki gida duk shekara muna jiran labarin shuka, wannan magana tamu ce.

Sannan akwai zafin da duniya take ƙarawa. Itace yana shan iskar kabon ya adana ta a jikinsa. Idan aka sare shi aka ƙona, sai ta koma sama ta taru da hayaƙin motoci da masana'antu, ta riƙe zafin rana. Ana ƙiyasta cewa sare dazuzzuka na jawo kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan iska da ɗan Adam ke fitarwa. Gaskiya ne manyan ƙasashe masu masana'antu su ne suka fi kowa laifi. Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ba sai mun je nesa ba. Dattawanmu suna tuna ambaliyar kogin Ogunpa ta ranar 31 ga Agustan 1980 a nan Ibadan. Mu ma da yawanmu mun ga ta ranar 26 ga Agustan 2011, wadda ta ci rayuka sama da ɗari. Cikin dalilan da masana suka lissafa akwai gini a kan hanyar ruwa, da zuba shara a magudanai, da kuma share itatuwan da ke kan tuddai. Tudu mai itace yana riƙe ruwan sama ya sake shi a hankali. Tudun da aka aske kuwa, ruwa yake kwarowa gaba ɗaya da laka da komai, kuma ba ya tambayar wannan gidan na Bayarabe ne ko na Bahaushe.

Ku duba sana'ar da ta kawo kakanninmu. Tun 1916 aka kafa Sabo, kuma goro da shanu ne suka gina ta. Goro ɗan daji ne, yana son laima da ƙasa mai danshi. Ganyen fita da muke ɗaure huhu da shi, a inuwar kurmi yake tsirowa. Gandun dajin Omo a Jihar Ogun, inda har yanzu akwai sauran giwaye, kullum cinye shi ake yi da sara da share gonaki. Idan Kurmi ya bushe, me za mu loda zuwa Kano? Da yawa daga cikin iyayenmu kuma farin 1973 da na 1984 ne ya koro su daga gida. Sun ga yadda ƙasa take mutuwa da idonsu. Bai dace a ce 'ya'yansu ne suke taimakawa ana yi wa ƙasar da ta karɓe su irin wannan ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Raɓa kuwa jiƙa ƙasa take yi kafin ta tashi.

Yanzu me addini ya ce? Malam ya tunatar da mu aya ta 41 a Suratur Rum, inda Allah Ya danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa ga aikin hannun mutane, kuma Ya nuna ana ɗanɗana musu sakamakon ne domin su dawo kan hanya. Ya kawo hadisin Anas (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, mai nuna cewa Musulmin da ya dasa itace yana da ladan sadaka a duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi. Ya kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar (RA) ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura runduna Sham, cikinta har da hana sare itace mai 'ya'ya. Ku lura, a fagen yaƙi ne wannan, a ƙasar abokan gaba. To ina ga ƙasar maƙwabcin da muke zaune lafiya da shi? Kuma keɓe daji ba Turawa suka fara shi ba. Manzon Allah (SAW) ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza, duk domin amfanin jama'a.

To Baba Alhaji, ga amsarku. Malam bai ce cinikin gawayi haramun ne ba, kuma ba wanda zai ce wa magidanci ya rufe shago alhali yana da baki goma da zai ciyar. Abin da ya ce shi ne, mai saye da mai sara igiya ɗaya ta ɗaure su. Yaron da ke daji da zarto ba zai kwantar da kaɗanya ba sai don ya san akwai mai mota da ke jira da kuɗi. Idan mun san an sato iccen daga gandun gwamnati ne, ko an shiga gonar wani ba izini, hukuncinsa hukuncin sayen kayan sata ne, kuma aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana mu taimakekeniya a kan saɓo. Idan ba mu sani ba, to tambaya ba ta da tsada. Wanda ya iya gane daushe daga sabon goro da ido, ba zai kasa gane gawayin kaɗanya ba.

Ga abin da kwamitin masallaci ya tsayar, da yardar Malam Liman da dattawa:

Na ɗaya, muna roƙon masu lodin gawayi da katako su zauna ranar Lahadi bayan Azahar a harabar masallaci, su yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su karɓi kayan kaɗanya da ɗorawa ba, kuma za su riƙa neman takardar izini daga masu kawowa. Mutum ɗaya in ya ƙi saye, na kusa da shi zai saye. In an haɗa baki, masu sara za su ji a jikinsu.

Na biyu, iyayenmu mata da masu abincin sayarwa, a gwada murhu mai tattalin gawayi, wanda aka shafe cikinsa da yumɓu. A rufe tukunya, a jiƙa wake kafin a ɗora, a kashe garwashi in an gama a ajiye na gobe. Riba biyu ce: kuɗi ya ragu, sara ya ragu.

Na uku, za mu karɓi taimako a ƙofar masallaci yau da Juma'a mai zuwa domin sayen irin dashe. A garin nan Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa take, a Jericho, kuma za mu nemi shawarar masana kan irin da ya dace. Za mu fara da maƙabarta da harabar Islamiyya. Kowane aji zai ɗauki itatuwansa ya riƙa ba su ruwa, domin dasawa ba wuya, reno ne aiki.

Na huɗu, duk wanda zai je gida da damina, ya dasa ko da guda biyar ne a gonar gado da niyyar sadaka ga iyayensa da suka rasu. Ya kuma roƙi masu noma masa su bar tohon gawo da kaɗanya in suna sharar gona.

Na biyar, a daina zuba shara a kwata. Ranar Asabar da safe akwai aikin gayya na yashe magudanar bayan masallaci. Matasa a fito da shebur da baro.

Mun san wasu za su yi asarar ciniki a farko, kuma ba mu raina wannan ba. Amma wanda ya bar abu domin Allah ba ya taɓewa. Baba Alhaji ya riga ya ce zai zo zaman Lahadi, kuma shi ne ya fara ba da kuɗin dashe ashirin. Allah Ya saka masa da alheri.

Allah Ya ba mu damina mai albarka a nan da can gida, Ya kare mu daga fari da ambaliya, Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Allah Ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci, a madadin Kwamiti