Alamar Addini a Ƙofar Hukuma

A ƙasar Amurka, duk sa'ad da watan Disamba ya kama, akan ta da wata tsohuwar muhawara wadda har yau ba a kai ƙarshenta ba, wato ko ya halatta hukumar gari ta kafa siffar haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a farfajiyarta, alhali kuwa gyaran farko da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya hana gwamnati ta riƙi wani addini ya zama nata.

A 1984 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan mas'alar da ta zo mata daga garin Pawtucket na jihar Rhode Island, inda hukuma ta yi wajen shekara 40 tana kafa wannan siffa. Alƙalai 5 suka halatta, 4 suka ƙi, hujjar masu rinjaye kuwa ita ce, tun da an kewaye ta da bishiyar Kirsimeti da gidan Santa Claus da sauran kayan ƙawa, to ta shiga hukuncin adon biki. A 1989 aka sake kai ƙara daga birnin Pittsburgh, sai kotun ta haramta irin wannan siffa, domin an ajiye ta ita kaɗai a kan babbar matakalar kotun gundumar Allegheny tare da rubutun yabon Ubangiji, amma ta ƙyale fitilar idin Yahudawa mai tsawon ƙafa 18, saboda tana tsaye gefen bishiya mai ƙafa 45.

Duk wanda ya yi nazarin hukunce-hukuncen nan biyu da idon basira zai ga cewa alamar ba ta samun izinin tsayawa a ƙofar hukuma sai bayan an tuɓe mata alfarmarta, an shaida a gaban alƙali cewa ba ibada ake nufi da ita ba. Saboda haka mai imanin da ya yi murnar cin shari'a ya zama kamar wanda ya sayar da gonarsa domin ya sayi fartanya. Mai shari'a Harry Blackmun, wanda yake cikin marasa rinjaye a 1984, ya yi nuni da wannan hasara tun a lokacin.

Haƙiƙa masu son a kafa alamar suna da uzuri, domin al'umma ba ta rabuwa da tarihinta, kuma mai addini yana jin zafi idan ya ga ana kawar da abin da yake girmamawa daga idon jama'a. Sai dai gidan hukuma amana ce, da harajin kowa aka gina shi, na Kirista da Bayahude da Musulmi da wanda ba ya bin kowane tafarki. Kuma ma'aunin da Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta kawo, cewa kada hukuma ta sa wani ɗan gari ya ji shi bare ne saboda aƙidarsa, ya dace da abin da malamai suka sharɗanta wa alƙali na daidaita masu husuma a wurin zama da kallo da magana. Wanda ya hau matakalar kotu yana neman haƙƙinsa bai kamata ya ga abin da zai sa masa zaton an karkata tun kafin a saurare shi ba.

Don haka maslaha, a ganina, ita ce hukuma ta buɗe dandalin gari ga kowace jama'a bisa ƙa'ida ɗaya, kowa ya kafa tasa alamar da kuɗinsa da sunansa, ta kuma tsare zauren shari'a da ofishinta daga alamar kowa. Ta haka adalci zai tabbata ga marasa yawa, masu yawa kuma su tsira da martabar addininsu, ba tare da sun kira shi ado domin neman yardar kotu ba.