Kallo Da Sani: Ina Amfanin Ranar Al'adu A Makarantunmu?

Akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a makarantunmu na zamani, musamman waɗanda ke tara ɗalibai daga jihohi da ƙasashe daban-daban, wato keɓe rana guda a shekara da sunan ranar al'adu. A ran nan za ka ga 'yar Fulani ta sha kitso da ƙwaryar nono a ka, Babarbariya ta naɗa lafaya tana ƙamshin turaren wuta, ɗan Ibo ya kafa jar hula, ɗan Larabawa ko na Turkiyya ya fito da kayan ƙasarsu. A dafa abinci iri-iri, a yi kiɗa da rawa, shugaban makaranta ya yi jawabi kan haɗin kai, a ɗauki hotuna, a watse. Tambayar da wannan maƙala ke son mu tattauna ita ce, shin wannan biki yana sa ɗalibi ya san ɗan'uwansa, ko kuwa kallonsa kawai yake yi?

Tara yara daga wurare daban-daban a makaranta guda ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun a 1966 gwamnatin tarayya ta buɗe kwalejoji uku a Sakkwato da Warri da Okposi, bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma aka yawaita su da sunan makarantun haɗin kai, har yanzu sun haura ɗari. Jihar Jigawa na da irinsu a Kiyawa da Kazaure. Daga baya makarantun kuɗi masu ɗalibai ko malamai 'yan ƙasashen waje suka biyo baya, irin kwalejojin Turkawa da suka soma a 1998. Niyyar duk ɗaya ce, kuma kyakkyawa ce. Har a Alƙur'ani mai girma, aya ta 13 cikin Suratul Hujurati ta nuna cewa hikimar yin mu dangogi da ƙabilu ita ce mu san juna. To, a nan gizo ke saƙa, domin sani daban, kallo daban. Mai kallo yana tsaye ne daga gefe, ya tafa in an burge shi, ya kama gabansa. Mai sani kuwa dole ya matso, ya yi tambaya, ya saurara, ya jure abin da bai saba da shi ba.

Domin mu auna wannan bambanci ba sai mun je Abuja ko Landan ba. Mu dubi fadamar Baturiya da ke ƙasar Haɗeja, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma. Duniya ta san wannan wuri saboda tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a cikinsa, har aka sa shi cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a 2008. Amma abin da ya fi tsuntsayen ban sha'awa shi ne mutanen wannan fadama ta Haɗeja zuwa Nguru, wato Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa, kowa da harshensa da sana'arsa. Idan kogi ya yi ambaliya a ƙarshen damina, masunta su shiga da komarsu, mai shinkafa na jiran girbi. Idan ruwa ya janye, manomi ya bi danshi ya shuka wake, makiyayi kuma ya gangaro da shanunsa neman ciyawar rani. Ƙasa ɗaya ce take ciyar da su duka, amma bi-da-bi. Saboda haka tilas masunci ya san lokacin manomi, manomi ya san burtali da mashayar makiyayi, makiyayi ya san ranar da aka gama kwashe amfanin gona. Babu wanda ya shirya masu ranar al'adu, bukata ce ta koya masu sanin juna.

Haka kuma wannan fadama ta nuna mana inda zaman tare ke tsinkewa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wurin noma da na kiwo ya ƙuntata, sai rigima tsakanin manoma da makiyaya ta ƙaru. Wanda ya ƙwace burtali ya mai da shi gona, ko wanda ya tura shanu cikin shukar wani, kila yana sha'awar kiɗan ɗan'uwansa da tufafinsa, amma hakan bai hana shi cin haƙƙinsa ba. Ashe mutunta al'adar mutum na farawa ne daga sanin abin da rayuwarsa ta dogara a kai da yi masa adalci a cikinsa. Haka abin yake a makaranta. Ma'aunin gaskiya shi ne kashegarin biki: wa ake yi wa dariya a ɗakin kwana saboda karin harshensa, wa ake ƙyamar abincinsa, wa ake naɗawa shugaban ɗalibai, wa kuma ba a taɓa tunanin naɗawa?

Wani darasin da ya fi wannan ɗaci yana nan kusa da Haɗeja. Garin Auyo tsohon gari ne mai tarihi, kuma Auyakawa suna da harshensu na kansu, dangin Badanci da Ngizimanci. Yau babu mai jin sa, kamar yadda Shiranci da Teshenanci su ma suka ɓace, Hausa ta haɗiye su. Ba wanda ya ɗaura yaƙi da waɗannan harsuna. Abin da ke kashe harshe shi ne ranar da uwa ta ga babu amfanin yi wa ɗanta magana da shi, ko yaro ya fara jin kunyar a ji shi yana yi. Mu Hausawa mun iya kukan yadda Turanci ya danne harshenmu, har ana bulala ko cin tarar ɗalibi don ya yi Hausa a aji, kuma kukanmu na kan hanya. Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Namu mukan kira shi harshe, na wasu mu ce yare. Wanda bai iya Hausa sosai ba mu ce yana gwaranci, wanda ba namu ba mu ce ai ƙabila ne, sai ka ce mu ba ƙabila ba ne. Makarantar da za ta sa yaro Babade ya yi rawar kakanninsa ranar biki, sannan ya shekara yana ɓoye harshensa don gudun gori, ta yi wa al'adarsa ado ne irin na gawa.

Mai karatu na iya cewa, to ai ko ba komai ranar al'adu ta fi babu. Wannan gaskiya ne. Yaron da 'yan ƙabilarsu ba su kai biyar a makaranta ba, ranar da ya tsaya a gaban jama'a aka tafa masa, ya samu abin da zai daɗe yana tunawa. Kallo ma mafarin sani ne, in dai an ɗora wani abu a kansa. Wani kuma zai ce, shin sanin juna na nufin sai na yarda da duk abin da ke cikin al'adar wani? A'a. Kowace al'ada, har da tamu, tana da tsaba tana da tsakuwa. Abin da ya wajaba shi ne kada ka yanke wa abu hukunci kafin ka fahimce shi, kada kuma ka wulakanta mutum ko da ka saɓa masa.

Kakanninmu sun bar mana misali a kan haka. Almajirin da ya tafi Gabas neman karatu, ya ratsa Haɗeja da Nguru da Gashuwa har Barno, yakan zauna a tsangaya tare da 'yan Nijar da 'yan Cadi, ya ci tuwon masu masaukinsa, sau da yawa ya dawo da Barbarci a bakinsa. Ga kuma wasan barkwanci, irin na Fulani da Barebari ko Gobirawa da Yarabawa, wanda ya halatta tsokana amma ya haramta fushi da gaba. Bambancinsa da gorin ɗakin kwana shi ne, abokan wasa kowa na da bakin ramawa, kuma kowa ya san ɗayan ciki da bai.

Saboda haka shawarata ga shugabannin makarantu ita ce kada su soke ranar al'adu, su mai da ita ranar girbin abin da aka shuka duk shekara. A sa kowane ɗalibi ya koyi gaisuwa da ƙirga da karin magana cikin harshen abokin zamansa. Ranar biki a bar Bahaushe ya yi bayanin auren Badawa, Babade ya yi bayanin sharon Fulani, masu al'adar kuma su gyara masu inda suka kauce. A aiki yara hutu su rubuto tatsuniya daga bakin kakanninsu cikin harshen gida, a adana a ɗakin karatu.

Mu kuma marubuta, nauyin ya fi yawa a kanmu. Mu duba littattafanmu da wasanninmu na kwaikwayo: sau nawa wanda ba Bahaushe ba ke fitowa a matsayin mutum mai tunani da damuwa irin ta kowa, sau nawa kuma muke kawo shi don a yi dariyar Hausarsa kawai? Ɗalibin da ya karanta labarin masunci Babade da aka rubuta da sani da girmamawa, ya amfana fiye da wanda ya kalli rawa goma. Masu hikima sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, amma saɓanin waɗanda suka san juna bai cika kai su ga ɓaraka ba. Allah ya ba mu ikon sanin maƙwabtanmu tun harsunansu na raye.