Shin Basira Ma Sai Ɗan Mai Hali?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar fita sakandare ya fito, magana ɗaya ake ji a zaurukan cikin birni, tun daga Madabo har Yakasai: 'ya'yan masu hali sun haye, 'ya'yan talakawa sun zube. Sai ka ji dattijo ya nisa ya ce rabo ne, kowa da abin da Allah Ya tsaga masa. To, tambayarmu a wannan mako ita ce, shin wannan rata ƙaddara ce tsantsa wadda ba ta da magani sai haƙuri, ko kuwa da hannun ɗan Adam a ciki, wanda za a tambaye shi ran gobe?

Babu Musulmin da zai musa cewa Allah Ya fifita wasu bisa wasu wajen arziki, haka kuma wajen fahimta. Amma fa ba a ce Ya ɗaure biyun da igiya ɗaya ba. Shaidarmu makarantar allo. Ɗan attajirin Kurmi da ɗan mai ga-ruwa tabarma ɗaya suke zama, tawada ɗaya, bulala ɗaya, kuɗin Laraba kuwa kowa gwargwadon ƙarfin ubansa. Sau nawa ɗan mai ga-ruwan ke riga ɗan attajirin sauka? Da basira dukiya take bi, da ba a ga haka ba.

Boko shi ne ya zo da bambanci tun daga tushe. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909, 'ya'yan sarauta da malamai aka fara nema mata. Da shirin UPE ya zo a 1976 aka buɗe ƙofa ga kowa, aka yi murna, sai dai yara sun fi ƙarfin azuzuwa da malamai, mai hali kuwa ya zare ɗansa ya kai makarantar kuɗi. Wannan yaro ya karya kumallo kafin ya fito, yana da littafi nasa na kansa, da yamma ga malamin da aka ɗauka ya biya masa a gida. Wancan kuwa ya zo da yunwa, ya zauna a ƙasa cikin cunkoso, ana tashi ya wuce kasuwa dako, ƙanwarsa ta ɗauki farantin talla. Sa'an nan a ba su takardar jarrabawa ɗaya a rana ɗaya! Wanda ya sa mai doki da mai ƙafa tsere, ba shi da bakin cewa mai ƙafa malalaci ne.

Mu tuna a fursunonin Badar akwai waɗanda fansarsu ita ce koya wa yaran Madina rubutu. Mu tuna kuma Suratu Abasa ta sauka ne saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman sani a lokacin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake fuskantar manyan Ƙuraishawa. Abu Yusufa talaka ne fitik. Imamu Abu Hanifa ya ɗauki nauyinsa don kada neman abinci ya raba shi da karatu, har ya zama alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Rashid. Malaminsa bai ce masa rabo ne ba.

A nan Kano ma an gwada an gani. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka kafa a 1977 sun ɗebi yara da jarrabawa, aka ba su kwana da abinci da malamai, 'ya'yan manoma suka fito likitoci da injiniyoyi.

Gwamnati ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Madalla. Amma attajiran birni fa? Mutum ya gina masallaci kusa da masallaci, alhali firamaren unguwar da aka haife shi rufinta na yoyo, ba allo mai kyau, ba kujera. A ganina wakafin aji ɗaya, ko ɗaukar nauyin kumallon marayun ajin, shi ma sadaka ce mai gudana, kuma a wasu unguwannin shi aka fi bukata.