Atitlan, Tafkin Da Ba Shi Da Mafita

Tsarki ya tabbata ga Allah mai fitar da ruwa a inda wuta ta ci. A tsaunukan ƙasar Gwatamala, can Amurka ta Tsakiya, akwai wani tafki da ake kira Atitlan, wanda asalinsa bala'i ne. Masana ƙasa sun ce fiye da shekaru 70,000 da suka wuce dutse ya yi aman wuta a wurin, aman da tokarsa ta kai har Florida ta arewa, ta kai Ekwado ta kudu. Da cikin ƙasa ya zama fanko sai samanta ya rufta, ya bar wawakeken rami. Ruwan sama da ƙoramu suka yi ta tsiyaya ciki har ya cika. Yau zurfinsa ya kai kusan mita 340, alhali shi kansa yana zaune a kan tudu mai tsayin sama da mita 1,500.

Da sassafe ruwan lumui yake, shuɗi shar, duwatsu uku masu aman wuta, San Pedro da Toliman da Atitlan, suna tsaye a gefen kudu, inuwarsu kwance a cikinsa. Masunta 'yan ƙabilar Maya na ratsawa cikin ƙananan kwale-kwalen katako. Rana na karkatawa sai wata iska da suke kira Shokomil ta taso, ruwa ya hau tambal-tambal, mai hankali ya nemi gaɓa. Ko ƙarƙashinsa ma akwai abin kallo, don a 1996 wani mai ninƙaya ya ci karo da kufan wani tsohon garin Maya da ruwa ya haɗiye, wanda ake kira Samabaj.

Babban abin al'ajabin tafkin shi ne babu kogi ko ɗaya da ke fita daga cikinsa. Ruwa na shiga, amma ba ya fita sai ta tururi da 'yar tsagar da ke ƙarƙashin duwatsu. Randa ce da ba a kifewa balle a ɗauraye. Abin da aka zuba a ciki yau, jikoki za su tarar da shi.

A wannan tafki kaɗai, duk faɗin duniya, Allah ya ajiye wani tsuntsun ruwa da mutanen wurin ke kira pok. Fikafikansa ƙanana ne, ba ya iya tashi, sai dai gwanin nutso ne. Cikin ciyawar bakin ruwa da ake kira tul yake sheƙa, ciyawar da mutane ke yanka su saƙa tabarmi. A 1958, don a jawo masu yawon buɗe ido da ke sha'awar kamun kifi da ƙugiya, aka kawo wani kifi mai haɗama daga Amurka mai suna bass aka sake a tafkin. Ya bi ƙananan kifaye da ƙaguwa, abincin pok ke nan, ya cinye, ya koma kan 'yan tsakinsa. Tsuntsayen da suke kusan 200 a 1960 suka koma 80 a 1965. Wata Ba'amurkiya masaniyar halittu, Anne LaBastille, ta yi ɗawainiyar killace musu wuri har suka fara farfaɗowa. Sai girgizar ƙasar 1976 ta tsaga gindin tafkin, ruwa ya ja baya, masu kuɗi kuma suka yi ta sare tul suna gina gidajen hutu a gaɓa. A 1989 aka ga biyun ƙarshe. Girgizar ƙasa dai daga Allah take, ba mai ja. Kifin kuwa da hannu aka ɗauko shi.

Bayan tsuntsu sai ruwan kansa. Garuruwan gaɓa sun cika, otal-otal sun yi yawa, ruwan masai da na kwata na gangarowa, ga takin zamani daga gonakin kofi da masara da albasa, ga kumfar sabulun wanki. A 2005 guguwar Stan ta rusa ma'aikatar tace ƙazantar ruwa ta Panajachel, garin da baƙi suka fi sauka, aka kuwa ɗauki shekaru ba a maye gurbinta ba. A ƙarshen 2009 wata irin gansakuka ta lulluɓe babban yanki na tafkin, mai kauri, mai wari, har tauraron ɗan'adam ya ɗauko hotonta daga sama. Mata da masunta suka shiga ruwa da kwanduna da zannuwa suna kwasa. Baƙi suka watse, ciniki ya mutu. A 2015 ta sake dawowa.

Baƙo in ruwa ya ɓaci sai ya ɗaure kaya ya sake tafki. Mutanen garuruwan Santiago da San Lucas Toliman da San Pedro kuwa daga nan famfunansu ke janyo ruwan sha. Shi ya sa ban yi mamaki ba da San Pedro, garin da ba wani girma gare shi ba, ya haramta ledoji da tsinken shan lemo na roba a 2016, ya sa tara mai nauyi, 'yan kasuwa suka koma ƙunsa nama da kifi a ganye. Leda ta ragu a kasuwa. Amma ba leda ke ciyar da gansakuka ba, ruwan masai ne da taki, kuma yawancin wannan har yanzu yana gangarawa tafkin ba a tace shi yadda ya kamata ba.