Kunya da Kwalli

Ranar sunan ɗiyata, uwar mijina ta ɗauko tandun kwalli ta zizara mata. Na san kwallin dutse yana ɗauke da dalma, gubar da ke dakushe ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce. Amma kunya ta rufe mini baki.

Daren nan na tambayi kaina: shirun da na yi, ladabi ne ko tsoro? Tsohuwa don ƙauna ta yi, ba ta sani ba. Ni da na sani, alhakin yana wuyana. Babba yakan yi fushi ya huce, jaririya kuwa ba ta da bakin cewa a'a.

Washegari na durƙusa na ce, "Inna, don Allah a ajiye kwallin nan."