Idan Ɓarawo Ya Ji Ciwo, A Tausaya Masa?

Duk mai zama majalisa a Kankiya ko Kusada ya san yadda hira take kasancewa idan labari ya zo cewa ɓarawo ya gamu da gamonsa. Ko wanda ya hau taransifoma da tsakar dare zai kwance waya, aka kawo wuta ta babbake shi. Ko wanda ya haura katanga zai kwance akuya, ya faɗo ya karye. Ko wanda ya ƙwace babur, aka bi shi aka cim masa, aka yi masa jina-jina. Kafin mai ba da labari ya rufe baki an riga an yanke hukunci: "Allah ya ƙara!" Idan kuwa wani ya kuskura ya ce "Allah sarki", sai a juyo kansa a tambaye shi ko da shi ake rabawa, tunda dai abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Wannan fushin yana da tushe, kuma da shi ya kamata mu fara. Manomin Rimaye ko Yashe da aka kore masa shanun huɗa biyu a dare ɗaya ya rasa noman bana, ya rasa abin aurar da 'yarsa, ya rasa ajiyar da yake taƙama da ita idan ciwo ya zo. Ɗan acaɓa da aka raba shi da babur ɗin da bai gama biya ba zai ci gaba da biyan bashin abin da ba ya hannunsa. Satar shanu ta kai jihar Katsina inda a 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga ɓarayin shanu da masu satar mutane. A ƙarshen Agustan 2021 aka dakatar da sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Charanci da ke maƙwabtaka da mu, masu gaskiya suka sha wahalar laifin da ba su aikata ba. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha saboda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wanda ya rayu cikin wannan hali, ba a zuwa masa da wa'azin tausayin ɓarawo kafin a yi masa jaje. Mai kaya shi ne farkon wanda ya cancanci tausayi, kuma duk maganar da ta tsallake shi ta karkace tun daga tushe.

Sai dai kalmar tausayi muna ɗora mata kaya fiye da ɗaya, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Wani in ya ji "tausayi" sai ya fahimci an ce ɓarawon bai yi laifi ba. Wani ya fahimci an ce a yafe masa a sake shi. Wani kuwa abin da yake nufi kawai shi ne mutum ne kwance cikin jini, a ba shi ruwa, a kai shi asibiti. Na farko ƙarya ne. Na biyu haƙƙin mai kaya ne da alƙali, ba namu ba. Na uku shi ne abin tattaunawa, kuma amsarsa ta danganta da lokacin da ciwon ya same shi.

Akwai lokacin da ɓarawo yake kan aikinsa, makami a hannu, mai gida a gabansa. A nan babu saɓani mai yawa. Addini ya ba mutum damar kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa, kuma ya yi wa wanda aka kashe a kan haka albishir da shahada. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya tabbatar da haƙƙin rayuwa, shi ma ya keɓe kare kai da kare dukiya, matuƙar ƙarfin da aka yi amfani da shi bai wuce abin da hali ya buƙata ba. Idan ɓarawo ya ji rauni a wannan gumurzu, babu laifi a kan mai gida. Amma malaman Malikiyya da muke karanta littattafansu a zaure, irin su Mukhtasar na Khalil, sun sa sharaɗin a fara yi wa maharin gargaɗi in yana fahimta kuma akwai sarari. Manufar ita ce a tunkuɗe sharrinsa. Da zarar sharrin ya tunkuɗu, damar ta ƙare.

Akwai kuma wanda hannunsa ne ya jawo masa: wuta ta ja shi, ko rijiya ta haɗiye shi yana gudu. Babu wanda ya zalunce shi, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba ma bin kowa bashin hawaye a kansa. Abin dubawa shi ne murnar da muke yi. "Allah ya ƙara" addu'a ce, kuma ya kamata mai yin ta ya san abin da yake roƙo a ƙara. Ya tabbata a hadisi cewa an taɓa kawo wa Manzon Allah (SAW) wani mutum da aka sha yi wa bulala saboda shan giya, wani daga cikin mutane ya tsine masa, sai Manzon Allah ya hana. An zartar da hukuncin, an hana tsinuwar. Haka matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata: an ƙi karɓar ceto a kanta, an yanke mata hannu, amma Nana A'isha ta ba da labarin cewa tubarta ta yi kyau, ta yi aure, tana zuwa wurinta ana kai buƙatarta ga Manzon Allah. Al'ummar da ta hukunta ta ita ce ta sake buɗe mata ƙofa. Shi kuma wanda wuta ta ƙone, akwai wata tsohuwa a wani gida da za a kai wa gawarsa, wadda ba ta saci komai ba, kuma a wayar jikanta za ta iya cin karo da bidiyon ana dariya.

Lokaci na uku shi ne ya fi nauyi, domin a nan ne hannunmu yake shiga. An kama shi, an ɗaure shi, ba ya iya cutar da ko kaza. Duk sandar da ta sauka a kansa daga wannan lokaci ta fita daga babin kare kai. Mu da muke cewa muna son Shari'a, bari mu ga yadda ta yi da wanda ya shiga hannu. Ba a yanke hannu sai kayan sun kai nisabi, rubu'in dinari ko dirhami uku a Malikiyya, sai an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, sai an samu shaidu biyu adalai ko iƙirari, sai babu shubuha, kuma alƙali ne mai yankewa. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin bayin Haɗibu da suka saci raƙumar wani mutum suka yanka. Da Umar ya fahimci ubangidansu yana barin su da yunwa, sai ya ɗora masa biyan dirhami 800, ninkin kuɗin raƙumar. Abin da ya fi jan hankali shi ne, littattafan fiƙihu da suka yi bayanin yanke hannu su ne suka wajabta a tsayar da jinin nan take, a lokacinsu da wuta ko tafasasshen mai, don kada mutumin ya mutu. Hukunci mafi tsanani da muka sani a kan ɓarawo yana tafe da jinyarsa a cikinsa. Ko wanda ya sari Sayyidina Ali a Kufa a shekara ta 40 bayan Hijira, tarihi ya nuna Ali ya yi umarni a ciyar da shi, a kyautata tsaronsa, kada a wuce gona da iri a kansa.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Disambar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya yi wa mai raunin harbi magani ko da babu takardar 'yan sanda, sannan ya sanar da su. Yaranmu da ke koyon aikin lafiya a makarantar da ke Kankiya ana koya musu su tsayar da jini kafin su tambayi wane ne. Ranar da ma'aikacin asibiti ya fara tantance wanda ya cancanci ɗinki da wanda bai cancanta ba, babu wanda zai kwanta a gadonsa da kwanciyar hankali.

Sannan akwai tambayar da taron jama'a ba ya tsayawa ya yi: wa ya tabbatar mana ɓarawo ne? Ihun "ɓarawo!" ba ya buƙatar shaida, kowa yana iya yin sa, har da wanda ake bi bashi da mai gaba da wani. A Oktoban 2012 an kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a Aluu bisa zargin sata, aka ƙone su ana ɗaukar bidiyo, a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan haka. Ƙungiyar Amnesty ta ƙirga aƙalla mutum 555 da irin wannan hukuncin taro ya rutsa da su a Najeriya tsakanin 2012 da 2023. Mu kuma ba mu manta da Uromi ba. A ƙarshen Maris na 2025, mafarauta 16 da suka taso daga jihar Ribas za su gida Kano yin Sallah aka tare motarsu a jihar Edo, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, aka hallaka su. Arewa ta yi kuka, ta ce me ya hana a miƙa su ga hukuma. Waɗanda suka kashe su ma sun tabbata a ransu cewa miyagu suka kama, su ma satar mutane ta gallabe su. Ƙa'idar da muka nema wa 'yan'uwanmu a Uromi ita ce ake nema a wurinmu idan baƙo ya shiga hannu a Gidan Mutum Ɗaya.

Hujja mafi ƙarfi ta masu duka ita ce: mun kai shi wurin hukuma, bayan sati ga shi a kasuwa yana yi mana kallon banza. Wannan ƙorafin gaskiya ne a wurare da yawa, kuma sulhun da gwamnatin jiha ta yi da 'yan bindiga a 2017 da 2019, wanda ya wargaje, ya ƙara wa mutane yanke ƙauna. Amma mu duba abin da dukan yake sayo mana. Ɓarawon shanu ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai mai ba shi labarin gidan da shanu suke, akwai mai mota, akwai dillali, akwai mahaucin da ke saye da araha bai tambaya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓarawon da aka kashe a bakin kasuwa ya tafi da sunayen waɗannan duka, kuma ba mamaki wasunsu suna cikin masu ɗaga sanda don a rufe bakinsa da wuri. Mun kuma ga yadda kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi ba tare da shari'a ba a Zamfara da yammacin Katsina ya haifar da ramuwar gayya a kan ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba, har gwamnatoci suka haramta ayyukansu. Idan hukuma ta yi sakaci, maganinsa shi ne mai unguwa da dagaci da mai kaya su bi ƙarar har kotu, shaidu su fito su tsaya, a riƙa tambayar inda aka kwana. Wannan ya fi duka wahala, shi ya sa ba mu cika yin sa ba.

Ya kamata kuma mu lura da wanda sandarmu take samu. Ɓarawon waya da na kaza su ne ke shan duka. Wanda ya sace kuɗin maganin asibiti ko na gyaran aji da biro, shi ake matsa wa a sahun gaba, a kira shi ya buɗe taro da gudummawa. Ƙin sata da gaske ba ya duba rigar ɓarawo. Abin da ke sauka a kan mara gata kaɗai ya fi kama da huce haushi.

Yaran da ke tsaye a gefe suna kallo su ma suna karatu. Yaron da ya ga dattawan unguwarsu suna dariya mutum yana roƙon ruwa ya koyi cewa akwai mutanen da jininsu ba shi da daraja, kuma taro ne ke faɗin su wane ne. Wannan darasin ba ya tsayawa a kan ɓarayi. Gobe zai yi aiki da shi a kan wanda aka ce maye ne, ko ɗan wata ƙabila, ko ɗan wata jam'iyya.

To, ya cancanci tausayi? In ana nufin a wanke shi, a'a. In ana nufin a fifita ciwonsa a kan asarar mai kaya, a'a. Amma ruwa da magani da tsayawa gaban alƙali ba lada ba ne da ake ba mutumin kirki. Haƙƙi ne da ke kan wuyanmu ga duk wanda ya shiga hannunmu, kuma sashe na 36 na tsarin mulki ya ɗauke shi mara laifi har sai kotu ta tabbatar. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A wannan rana ɗayar ce ƙarfi yake komawa hannunmu, kuma abin da muka yi da shi za a tambaye mu a kansa, kamar yadda za a tambayi ɓarawon a kan dare dubunsa. A ɗaure shi da kyau, a kira hukuma, a kai shi asibiti in yana zubar da jini, a mayar wa mai kaya kayansa, a kuma ajiye waya a aljihu.