Faifan Asali da na Jabu: Ina Gaskiya Take?

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. To, amma a wannan zamani da na'ura ke kwafar abu ba ragi ba ƙari, me ya raba asali da jabu? Wannan tambaya ce nake so mu tattauna, ya 'yan'uwa masu karatu.

Cikin kayan gwanjo da ke shigowa ta hanyar Maraɗi da Ɗan Isa zuwa Magamar Jibiya akwai tsofaffin kwamfutoci, waɗansu ma jerin haruffansu na Faransanci ne. Ɗalibi ya saya da ɗan guzurinsa, sai babbar manhajar da ke tuƙa ta ta lalace, ya shiga neman faifanta na asali. Nan fa ake yin ta! Windows XP ta fito a 2001, kamfanin Microsoft ya daina kula da ita a 2014. Windows 7 ta fito a 2009, aka yaye ta a 2020. Watau dai faifan ya zama sai an tona, abin da ya cika kasuwa kwafi ne.

Waɗansu suka ce yin amfani da kwafi sata ne, tun da mai abu bai yafe ba. Waɗansu kuma suka ce abin da mai shi ya daina sayarwa ya zama tsintuwa. A ganina duka biyu sun bar jaki suna dukan taiki, domin haƙƙin ba a jikin faifan yake ba. A jikin yawancin waɗannan kwamfutoci akwai 'yar takardar shaida a manne, mai ɗauke da haruffa da lambobi 25. Ita ce alamar an biya kuɗin lasisi tun farko, kuma lasisin na wannan na'ura ce. Wanda ya kwafi faifan da ya dace da ita, ya sa lambarsa, bai ci haƙƙin kowa ba. Wanda kuwa ya ɗauki lamba ɗaya ya raba wa na'urori hamsin, ko da faifansa na asali ne, ya ci abin da ba nasa ba.

Mu tuna da magabatanmu. Littattafan da almajirai suka karanta a zaurukan Katsina da Sakkwato da hannu aka kwafe su, ba wanda ya kira su jabu. Dalili kuwa shi ne mai kwafa ba ya ɓoye sunan mawallafi, sau da yawa ma yakan rubuta nasa sunan a ƙarshe. Ashe kwafi ba laifi ba ne, ɓoye gaskiya shi ne laifi. Mai gyara da ya buga wa kwafi tambarin kamfani ya sayar da sunan na asali, algus ya yi, daidai da mai zuba wa nono ruwa. Sau da yawa kuma irin wannan faifai yana tafe da ƙwayar cutar kwamfuta, wadda za ta cinye kundin digirin ɗalibi a dare ɗaya.

Wanda shaidarsa ta goge fa? Akwai mafita. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, masu ita sun halatta wa kowa ya kwafa ya raba, akwai kuma nau'o'inta da ke tafiya a kan tsohuwar na'ura.

A taƙaice, kafin mu tambayi mai shago ko faifansa na asali ne, mu tambaye shi ko maganarsa ta gaskiya ce, mu kuma tambayi kanmu ko lambar tamu ce. Allah ya ciyar da mu halaliyarmu, amin.